ZARE: Masu cewa Magana Jari Ce na uku bai yi daɗi ba, ku zo mu yi ta

1/ Jiya da daddare saura ƙiris a raba mu faɗa a ɗakinmu na hostel. Ba kan ƙwallo ba, ba kan siyasa ba, kan aku. Wani abokina ya ce Magana Jari Ce littafi na uku ɓarnar takarda ne, wai da Imam ya tsaya a na biyu da ya fi masa mutunci. Mutum huɗu suka goya masa baya. 🧵

2/ Na kwana abin na cina, don ba yau na fara jin wannan maganar ba. Duk inda aka tayar da hirar littafin sai ka ji an ce na ɗaya wuta, na biyu dariya, na uku maganin barci. Kowa na maimaitawa kamar karatun allo. To yau zan ba da amsa a rubuce, inda ba mai katse ni.

3/ Ga matsayata tun farko, kada a ce na yi noƙe-noƙe: littafi na uku shi ne ya sa Magana Jari Ce ya cancanci sunansa. In ka cire shi, abin da ya rage tarin labarai ne masu daɗi, amma sunan da ke jikin bango ya zama alkawarin da ba a cika ba.

4/ Ni ba ɗan sashen Hausa ba ne, noma nake karanta. Ɗan Dakko ne ta ƙasar Bakura, mai karatu kawai irinku. Zaren zai yi tsawo, mai ƙaramin data ya ajiye sai dare. Kuma kada wani ya ce na tona masa ƙarshen labari. Littafin ya haura shekara 85, kakanka ma ya san ƙarshen.

5/ Ga waɗanda suka shigo ba su san kan zancen ba. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, malami ne a Midil ta Katsina. A 1933 ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya, da littafinsa Ruwan Bagaja. Gasar da ta fito da Gandoki da Shehu Umar ke nan.

6/ A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, ofishin talifi, don ya rubuta littafin karatu na makarantu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, kashi uku, aka fara bugawa a 1937. Daga nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya rasu a 1981, Allah ya jiƙansa.

7/ Na san wani zai ce mene ne haɗin wannan da littattafan almara na zamani masu kashi uku. Malam, tsuntsu ne yake magana, har aka naɗa shi waziri. Ga aljannu, ga bokaye, ga ƙasashen da ba su a taswira. In wannan ba almara ba ce, to ban san mece ce almara ba.

8/ Bari in tuna muku ginin, don gardamar duk a kansa take. Littafi na ɗaya: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri mugu na neman hanyar da Musa zai fito a hallaka shi. Shi kuwa Musa ɗokinsa ya bi Mahmudu fagen fama.

9/ Kullum dare Musa zai zo sallama, aku ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Haka aka yi ta yi har Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka ba aku sarautarsa. Kowane labari a nan dare ɗaya ne aka saya wa yaro. Shi ya sa zuciyarka ke bugawa kana karantawa.

10/ Littafi na biyu: gasa. Akun Sarkin Sirika, Haziƙ, ya ja da Waziri Aku, aka yi ta ɓarin labarai, wannan ya kawo wancan ya mayar, har namu ya yi rinjaye. Daɗinsa irin daɗin dambe ne, ko waƙar gambara. Kana da gwani, kana jiran ya kayar.

11/ Littafi na uku: aku ya samu duk abin da ake nema. Sarauta, suna, ba abokin ja. Sai ya zaunar da ɗansa Fasihi yana koya masa yadda ake ba da labari. Ya bayar, ya ja kunne, ya gyara, ya yi faɗa. Nan ne jama'a suka ce sun sauka daga motar.

12/ Ƙorafinsu uku ne, kuma zan kawo su yadda suke, ba zan rage musu ƙarfi ba. Na farko: babu hatsari. Ba wanda za a kashe, ba wanda za a kayar. A yaren masu kallon fim, babu bos. Labarin da ba bos kuwa, in ji su, hira ce kawai.

13/ Na biyu: aku ya zama malamin makaranta. Mun zo jin labari an zaunar da mu aji. Na uku: wai ƙarshe ya kamata ya fi farko zafi. An fara da yaƙi, an bi da gasa, to a rufe da abin da ya fi su duka girgiza. Sai ga uba da ɗa a zaune.

14/ Kafin in rushe su, ga abin da na yarda da shi. E, akwai warin aji a littafin, don makarantu aka rubuta shi tun asali, a ofishin Turawan mulki. E, aku na da cika baki, wani lokaci har ya ba ka haushi. Kuma e, zaren da ya ɗaure labaran na uku bai kai na ɗaya tsauri ba.

15/ Amma batun babu hatsari, a nan na ce a'a. Akwai abokin gaba a littafi na uku, kuma ya fi Waziri da Haziƙ haɗari, don shi ba a tona masa asiri, ba a kayar da shi a gasa. Tsufa ne da mutuwa. Aku zai tafi, kuma duk abin da ke kansa zai bi shi rami.

16/ Ku duba sunan littafin mana. Jari. Ku tambayi kowane ɗan kasuwa a Talata Mafara mene ne bambancin riba da jari. Riba ita ake ci. Jari shi ake tsarewa, a juya, a bar wa na baya. Wanda ya cinye uwar kuɗi, ko ya mutu ba wanda ya san inda ya binne ta, bai yi kasuwanci ba.

17/ A na ɗaya magana ta ceci rai. A na biyu ta jawo girma. Duk wannan riba ce. Sai a na uku ne aka zo kan tambayar da sunan littafin ya ɗauko tun daga bango: wannan dukiyar, wa zai gaje ta, kuma ta yaya? Ku kuna so a rufe littafin kafin a zo nan?

18/ Mu manoma abin ba ya mana wuyar ganewa. In an yi girbin gero, ana ware zangarniyar da ta fi kyau a rataye, ba a taɓa ta ko yunwa ta yi yunwa. Iri ke nan. Yaro na ganin an hana shi fura. Babba ya san damina mai zuwa ce a rataye.

19/ Kuma ku lura da wani abu da masu barci suka tsallake. Imam bai ce baiwa ce kawai ba, wai ɗan aku ai aku ne, zai iya. Fasihi jinin gwani ne, amma sai da aka zaunar da shi. Ma'ana iya magana sana'a ce kamar ƙira ko jima, ana koyonta, ana shan faɗa a kanta.

20/ Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da har gobe ake cewa wane "haihuwarsa aka yi da shi". Littafi na uku ya buɗe murfin injin ya nuna maka yadda na ɗaya da na biyu suka yi aiki a kanka. Ina ne ake farawa, ina ake jan rai, yaushe ake yin shiru.

21/ Kun ce aji ne. To aji ne, sai me? Rabinku a nan kuna rubuta labari a WhatsApp da Wattpad, wasu na biyan kuɗi a koya musu rubutu ta waya. Ga ajin da aka buɗe kyauta tun kafin a haifi iyayenmu, da Hausa, malamin kuma Imam. Shi ne kuke hamma.

22/ Abin da ya fi taɓa ni: lissafa shekarun Imam a 1936. Kusan 25. Sa'an yayyenmu ne. A lokacin shi kansa koyo yake, East na duba masa rubutu yana gyarawa. Saurayi mai shekarun Fasihi ne ya zauna ya rubuta damuwar tsoho. Mu a shekarun nan me muke rubutawa?

23/ Kuma shi kansa littafin gado ne aka juya. Dabarar aku mai riƙe mutum da labari har asuba ta fito ne daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Wasu labaran daga Alfu Laila, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, wasu na gida. Imam ya karɓa, ya sa musu rawani da babbar riga.

24/ Wanda ya san cewa shi ma karɓa ya yi daga hannun wasu, dole ƙarshen littafinsa ya zama miƙawa. Da ya rufe da yaƙi, da ya ƙaryata hanyar da labaran suka bi suka iso hannunsa. Wannan fahimtata ce, ban ce Imam ya faɗa ba. Amma ku karanta ku gani ko ba ta zauna ba.

25/ Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa abin ya zafe ni haka, har abokaina na cewa ko aku ɗan'uwana ne. Ni ma da ina cikinku. Na karanta na uku ina aji biyu na sakandare, na tsallake duk inda aku ke magana da Fasihi, na bi labaran kawai. Sai 2021 ta zo.

26/ 'Yan Zamfara sun san shekarar. 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta aka shiga Kwalejin Noma ta Bakura. 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun. Duk kewaye da mu ne, ba labarin rediyo ba.

27/ Aka rufe makarantu. Aka rufe kasuwannin mako. A farkon Satumba aka katse layukan waya a jihar. Ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Wayata ta koma tocila. Dandali kuwa dama ya daɗe da mutuwa, ana sallar isha'i kowa ya ja ƙofa.

28/ Matsalar gidanmu a lokacin ita ce ƙannena maza biyu. Zaman ɗaka ya ishe su, kullum dare sai sun nemi sulalewa wajen abokai. Duka bai hana ba. Sai Kawu, tsohon malamin firamare, ya buɗe akwatin ƙarfensa ya miƙo min littattafai uku da bangonsu ya cinye. Ya ce karanta musu.

29/ Dare na uku ina cikin karatu na tsaya cak. Yaro na son fita, a waje akwai masu jiransa, wani na riƙe shi da labari har gari ya waye. Jama'a, littafi na ɗaya ba almara ba ce a Dakko a shekarar nan. Mu ne a ciki. Ni ne akun, ban ma sani ba.

30/ Muka cinye na ɗaya, muka cinye na biyu, yara na ta shewa Haziƙ ya sha ƙasa. Muka shiga na uku. Ƙaramin ya fara gyangyaɗi, babban ya ce Yaya tsallake wajen surutun nan. Na kama shafi zan juya ke nan, sai kakarmu, Inna, ta yi magana daga kan tabarmarta.

31/ Inna ba ta yi boko ba, ban ma san tana saurare ba. Ta ce, "Bar shi ya ida. Wanga tsuntsu ya hi ku wayo, ya san tahiya za shi yi." Sai ta juyo kaina: "Kai maigida, tatsuniyoyin da niy yi maka tun kana ƙarami, guda nawa kaka iya maido min?"

32/ Na yi dariya na ce da yawa mana, tsohuwa. Ta ce to bisimilla. Wallahi biyu na iya kaiwa ƙarshe. Sauran sai in kama kai in rasa wutsiya, ko in manta waƙar da ke tsakiya. Matar da ta raine ni da labari shekara goma, abin da na riƙe mata ke nan.

33/ Daga ranar muka raba dare biyu. Rabi Imam, rabi Inna. Ta bayar, in maimaita, ta ce ba haka ba ne, ka yi gaggawa, ka faɗi abin dariyar tun ba a zo wurin ba. Abin da aku ke yi wa Fasihi a takarda, shi take min a tsakar gida, har da ranƙwashi.

34/ Inna ta rasu a 2023, Allah ya yi mata rahama. Tatsuniya tara na tsira da su cikakku, da waƙoƙinsu. Tara, daga abin da ita kanta ba ta san adadinsa ba. Da ba mu shiga littafi na uku ba, da biyu ne. Wannan shi ne littafin da aka ce min ɓarnar takarda ne.

35/ Kada a ce na ɗauko bala'in garinmu don in ci gardamar hostel. Abin da nake nufi ƙarami ne kuma a fili yake. Hatsarin da ke cikin na uku na gaske ne, sai dai ba ya ƙara. Ba ka jin sa sai ranar da ka nemi wanda za ka tambaya ka tarar an yi sadakar bakwai.

36/ Kuma a yankinmu abin na sauri. Ƙauye in ya watse, ba gidaje kaɗai ake bari ba. Tsofaffi na ƙarewa a gidajen haya a Mafara da Gusau, jikoki na wani gari. Wa ya san tarihin rijiyar gari, wa ya san kirarin gidan, wa ya san waƙar daka? Ana binne su ɗaya bayan ɗaya.

37/ Inna ce ma ta sa na ga aibin littafin na gaskiya, wanda ban taɓa jin masu suka sun ambata ba. A ƙasar Hausa mata ne ke riƙe da tatsuniya, kakanni da iyaye da goggonni. Amma da Imam ya zo rabon gado, uba ne ya ba ɗa namiji, a fada. Ina matan?

38/ In kuna son ku soki na uku, ga wurin suka nan, zan ma taya ku. Wannan ƙorafi ne na wanda ya karanta ya yi tunani. Amma "babu faɗa"? Haba. Mai son takobi ga Gandoki nan, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga littattafan yaƙi na Madakin Gini. Ni ma na karanta su, ina son su.

39/ Saura ƙorafi na uku, wai dole ƙarshe ya fi farko zafi. Wannan dokar daga ina? Daga fim muka ɗauko ta. Jarumi ya sha duka, ya tashi, ya kashe bos, a rungume, a rubuta suna. Mun sha wannan har mun ɗauka duk labarin da bai bi ta nan ba ya ɓata hanya.

40/ Mu leƙa waje, don ba mu kaɗai ke wannan rigimar ba. The Lord of the Rings na Tolkien, kashi na uku ya fito a 1955. An hallaka zoben, an ci yaƙi, amma littafin bai ƙare ba. Sai da jaruman suka koma garinsu suka tarar an lalata shi, suka kama gyara.

41/ Da Peter Jackson ya yi fim ɗin a 2003 sai ya cire wannan ɓangaren na lalacewar gari. Fim ɗin ya ci Oscar 11, duk da haka masu kallo suka yi ta ƙorafin wai ƙarshen ya yi tsawo. Masu karatu kuwa har yau da yawansu na cewa abin da aka cire shi ne zuciyar littafin.

42/ Dalili ɗaya ne da namu. Cin yaƙi ba shi ne ƙarshen labari ba, duk wanda ya taɓa komawa garin da aka tasa ya sani. Akwai washegari. Wa zai gyara, wa zai riƙe, wa zai faɗa wa yara abin da ya faru? Marubucin da ya tsaya a kan gawar bos ya gudu ne ya bar aikin.

43/ Ga kuma ɗaya gefen. Game of Thrones ya ƙare a 2019 da duk abin da kuke nema: wuta, dodo, an ƙone birni, an kashe sarauniya. Me ya biyo baya? Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake yin zangon ƙarshe. Jini ya yi yawa, gamsuwa babu.

44/ Shi kuwa mai littattafan, George R. R. Martin, rabonsa da fitar da sabon kashi a jerin tun 2011. Rufe labari ne abu mafi wuya a sana'ar nan. Imam ya rufe nasa yana saurayi, ya rufe shi a kan ma'anar sunansa. Ku ba shi girmansa ko da ba ku ji daɗi ba.

45/ Mu dawo gida. Mu ne fa muke bin fim mai dogon zango shekara da shekaru, an mutu an dawo, an saki an mayar, ba ranar gamawa. Mu ne muke biyan kuɗin littafi na biyu a waya, a ja mu har na biyar, a ƙare da biki da haihuwar 'yan biyu. Ba mu ce komai ba.

46/ An saba mana da labarin da ke jan mu kamar akuya da ɗanyen ganye. Shi ya sa in aka ba mu wanda ya tsaya ya ce to, kai mai sauraro, yanzu saura kai, sai mu ji nauyi. Na ɗaya da na biyu suna ba ka. Na uku yana tambayar ka. Ina ganin nan ne ainihin haushin.

47/ Don in ka lura, Fasihi kai ne. Duk jan kunnen da aku ke masa, da kai ake. Ka sha labari kashi biyu kyauta, yanzu an ce tashi ka gwada. Ba kowa ke son a tashe shi daga kan tabarma ba. Ni ma ban so ba, sai da tsohuwa ta kunyata ni gaban ƙannena.

48/ Wani abin dariya kuma. Jiya da gardama ta yi zafi na ce to, duk ku biyar, mene ne sunan ɗan aku? Biyu suka ce Haziƙ. Ɗaya ya ce Musa. Ɗaya ya kama duba waya. Mutum ɗaya ne ya ce Fasihi, shi ma da alamar tambaya. Waɗannan ne alƙalan littafi na uku. 😂

49/ Wannan ita ce cutar da ta fi damuna, ta wuce Magana Jari Ce. Ra'ayin aro. Wani ya faɗa, ya yi daɗin faɗi, shi ke nan ya zama gaskiya. Mutum bai buɗe littafi ba tun JSS, wani ma wasan NTA Kaduna kawai aka ba shi labari, amma yana yanke hukunci da ƙarfin gwiwa.

50/ Ba na cewa dole ka so shi. Wanda ya karanta da girmansa ya ce har yanzu na ɗaya ya fi masa, ba ni da ja, ɗanɗano ne. Ni ma in dare ɗaya aka ba ni da yara masu rigima, na ɗaya zan ɗauka. Amma fifita na ɗaya daban, cewa na uku bai da amfani daban.

51/ Kuma akwai littafin da shekaru ke buɗewa. Kana ɗan 13 kai Musa ne, so kake ka fita. Kana ɗan 18 kai mai gasa ne, so kake a san ka. Sai ka fara rasa mutane kafin ka gane me ya sa tsoho ke matsa wa yaro ya maimaita. In ka karanta shi da wuri, koma.

52/ Saboda haka ga ƙalubale, ba na zagi ba. Ɗaya: nemi na uku, bugun NNPC Zariya na nan a shagunan littattafai. Karanta shi duka, kada ka tsallake inda aku ke magana da ɗansa. Can ne littafin yake. In ka gama ka dawo nan ka zage ni, zan karɓa.

53/ Biyu: hutun nan in ka je gida, zauna da tsohuwar gidanku ko tsohon. Kunna rikoda a waya, amma kada ka tsaya nan, don waya na faɗawa ruwa, memori na ƙonewa, mun kuma ga ranar da sabis ya ɗauke. Maimaita mata da bakinka har ta ce ya yi.

54/ Uku: ba wa wani ƙarami. Ƙaramin ƙanena, mai gyangyaɗin nan, yanzu shi ke yi wa 'ya'yan yayarmu tatsuniyar Inna. Yana ɓata waƙar, ina gyara masa, yana fushi. Ranar da na ji kaina ina ce masa "ka yi gaggawa", sai da na fita waje na share ido.

55/ Abokina mai "ɓarnar takarda", na san kana karantawa, don kai ka fara danna min so a lamba 1 kafin ka gane da kai nake. Littafin na ƙarƙashin filona, na Kawu ne, shafi biyu sun fita. Zo ka ɗauka. Ka dawo min da shi lafiya, amana ce.

56/ Na gama. Mai ja ya zo da hujja, ina nan har caji ya ƙare. Sharaɗi ɗaya: kafin ka fara, faɗa min tatsuniya nawa ka riƙe daga bakin kakarka, cikakku. Allah ya jiƙan Imam, ya jiƙan Inna da duk namu da suka rigaye mu, ya zaunar mana da Zamfara lafiya.